Wasan Cike Gidajen Lamba a Na'urar Hannu: Hatimi Ne, Caca Ce, ko Wasa Ƙwaƙwalwa?

 

Duk wanda ya san Baturiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ya san cewa ruwa ne yake tsara wa mutanen wannan yanki shekararsu. Idan damina ta yi nisa Kogin Haɗeja ya tumbatsa, fadama ta cika, hanyoyi su yanke, sai a koma kwale-kwale. Idan ruwa ya ja baya a shiga kamun kifi da yankan shinkafa da noman rani, hunturu kuma ya zo da baƙin tsuntsayen nan masu ƙetaro sahara daga Turai, waɗanda suna cikin dalilan da suka sa aka sanya dausayin Baturiya a jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008. Tsakanin wannan aiki da wancan akwai sarari, wani lokacin ma sarari mai tsawo, musamman ga yara da samari. A da, dara a gindin bishiya da langa a farin wata da kacici-kacici a ɗakin kaka su suke cinye wannan sarari. Yanzu waya ta karɓe, tare da 'yar na'urar nan ta hannu da yara ke kira gem.

Mafi yawan abin da ake bugawa a kanta ƙwallo ne da tseren mota da harbe-harbe, kuma iyaye sun riga sun san ra'ayinsu a kan waɗannan. Wanda yake ɗaure musu kai wani ne daban, wanda ya fi yawa a hannun 'yan sakandare da ɗaliban manyan makarantu na Haɗeja da Kafin Hausa idan sun dawo hutu. Babu hayaniya a cikinsa, babu hoton mutum ko na dabba. Allo ne kawai mai gida-gida, an warwatsa lambobi a ciki, yaro ya ƙura masa ido ya yi shiru kamar mai wuridi. Uwa ta leƙa ta ga kamar hatimi, gabanta ya faɗi. Uba ya leƙa ya tuna takardun 'yan cacar lamba, ransa ya ɓaci. Tambayar ta sha zuwa mana bayan karatu a masallaci, kuma ta cancanci amsa mai hujja, domin abubuwan nan biyu da ake tsoro duka suna nan a garuruwanmu.

Malaman usulu suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fara gane shi. To, sunan wannan wasa Sudoku. Allon yana da gida 81, tara a kwance tara a tsaye, an kuma raba shi zuwa shingaye tara, kowane shinge da gida tara. Ana cike wasu gidajen tun farko a bar saura fayau. Aikin mai wasa shi ne ya cike ragowar da lambobi daga 1 zuwa 9, bisa sharaɗin kada wata lamba ta maimaitu a layin kwance, ko a layin tsaye, ko a cikin shinge guda. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta.

Sunan na Japananci ne, amma a Amurka aka haifi wasan. Ana jingina ƙirƙiro shi ga wani mai zanen gine-gine da ya yi ritaya, Howard Garns, kuma a 1979 aka fara buga shi a wata mujallar wasa ƙwaƙwalwa. Kamfanin Nikoli ya shigar da shi Japan a 1984, shugaban kamfanin, Maki Kaji, ya raɗa masa sunan da ya bi shi har yau. Daga baya wani ɗan ƙasar New Zealand da ya yi alƙalanci a Hong Kong, Wayne Gould, ya rubuta manhajar da ke ƙera allunan da kanta, ya kai wa jaridar The Times ta Landan, ita kuma ta fara bugawa a watan Nuwamba na 2004. A wannan watan ne kamfanin Nintendo ya fitar da na'urarsa ta hannu mai suna DS, mai fuska biyu da ɗan tsinke da ake rubutu da shi a kan gilashi. Ba a jima ba aka yi mata wasan Brain Age, wanda aka gina kan ra'ayin wani masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Tohoku, Ryuta Kawashima, kuma wanda aka kai Amurka da Turai a 2006 ya zo da Sudoku a ciki. An sayar da wannan na'ura fiye da miliyan 150. Ragowarta da ta ire-irenta su ne suke biyo kayan gwanjo su iso kasuwanninmu, ko da yake mafi yawan yaranmu a waya suke buga wasan.

Masana lissafi ba su raina shi ba. A 2005 an ƙidaya yawan hanyoyin da za a iya cike allon daidai, aka sami lamba mai alƙaluma 22. A 2012 kuma Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin suka tabbatar da cewa allon da aka bayar da ƙasa da lambobi 17 a cikinsa ba zai taɓa samun amsa guda ɗaya tak ba. A riƙe wannan magana ta amsa guda ɗaya, za mu buƙace ta a gaba.

Zancen hatimi

Uwar da ta tsorata ba ta yi wauta ba. Murabba'i mai gida-gida cike da lambobi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. An gan shi a allo, an gan shi a cikin laya, an gan shi a bangon kundi. Mafi shahara shi ne mai gida tara da ake jingina wa Imam Gazali: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ta duk inda ka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Wannan daidaituwa ita ce ta sa Larabawa suka kira shi wafaƙi, kuma ita ce take sa wanda bai san kan abin ba ya ga kamar akwai wani ɓoyayyen ƙarfi a ciki.

Alhali sirrin a fili yake. Tara lambobi daga 1 zuwa 9, za ka sami 45. Raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15. Babu wata jimla da za ta yiwu sai ita. Me ya sa kuma 5 take zama a tsakiya ko da yaushe? Layi huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Waɗannan layuka huɗu sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Cire 45 daga 60, saura 15, wato ninki uku na abin da ke tsakiya. Ga 5 ta fito. Ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai iya bin wannan da alli a ƙasa.

Abin da da yawa daga ɗalibanmu ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin manyan masana wannan fanni ɗan ƙasar nan ne. Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Ya yi karatunsa a wannan nahiya tamu, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina murabba'ai masu gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Misra, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya kawo labarinsa a littafinsa na tarihi. Masu rubuta tarihin lissafi a Afirka har gobe suna ambaton sunansa. Abin kunya ne a ce yaro a Kiri Kasamma ya san sunan kamfanin Japan da ya ƙera gem ɗinsa, bai taɓa jin sunan Bakatsinen da malaman Misra suka zauna a gabansa ba.

Sai dai dole a faɗi gaskiya duka. A littattafan wannan fanni, tun daga na al-Buni wanda ya rasu a ƙarni na 13, lissafin yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da da'awar cewa jera lambobin yana jawo amfani ko ya kore cuta. Kowace lamba tana tsaye ne a madadin harafi bisa ƙidayar abajada, haruffan kuma suna nuni ga wani suna ko wata aya, a haɗa da sa'a da tauraro da turare. Ibn Khaldun ya yi dogon bayani a kan wannan a Muƙaddimarsa, ya kuma nuna kusancinsa da sihiri. Na san malaman zaure masu daraja da suke rubuta hatimi suna cewa sababi ne kawai, Allah ne Mai yi. Na san kuma waɗanda suke ganin barin sa ɗungurungum shi ne tsira ga aƙida, ni ma nan zuciyata ta fi natsuwa, domin ban sami inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da neman waraka ta jeren lambobi ba. Amma wannan muhawara ce ta wani zama.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a Sudoku. Lambobinsa ba sa wakiltar harafi, ba a tara su, ba a ninka su, babu mai rataya su a wuya ko ya wanke ya sha. Alamomi ne kawai guda tara da aka zaɓa domin kowa ya san su. Da za a goge su a sa sunayen kifaye tara na fadamarmu, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da gaiwa da bargi da tsage da minjirya da ragon ruwa da ƙawara, a ce kada kifi ɗaya ya shiga layi sau biyu, wasan ba zai canza da komai ba. Kama da wane ba ta wane. Hankalin uwa ya kwanta ta wannan fuska.

Zancen caca

Damuwar uba ta fi buƙatar a tsaya, domin malamanmu na Malikiyya sun tsananta a babin wasanni. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani a zaure ya wuce ta wurin da aka hana wasan nardi da na shaɗaranji. Nardi wasa ne da ake jefa 'yan ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigo, irin na ludo, abin da ya fito shi ke tafiyar da kai. Hani a kansa ya tabbata: Imam Malik ya kawo hadisin Abu Musa al-Ash'ari a Muwaɗɗa wanda ya bayyana shi a matsayin saɓa wa Allah da Manzonsa, Imam Muslim kuma ya kawo hadisin Buraida wanda ya kamanta mai yin sa da wanda ya tsoma hannu a naman alade da jininsa. Shi kuwa shaɗaranji, wasan nan na sarki da dawakai da dakaru da ake yi da tunani, babu ingantaccen hadisi a kansa. Imam Malik ya ƙi shi, Imam Shafi'i ya tsaya a kan karhanci matuƙar babu kuɗi, babu jinkirta salla, babu alfasha.

Ko a cikin mazhabarmu ma akwai bayani a bayan wannan tsanani. Shehu Khalil, da yake lissafa abubuwan da ke zubar da mutuncin mai ba da shaida, a nardi wasan kansa ya ambata, a shaɗaranji kuwa dawwama a kai ya ambata. Ibn Abdil Barr, babban malamin Andalus, ya tattara mazhabar da cewa wanda ya yi shi jefi-jefi a cikin gidansa ba tare da caca ba, an yi masa rangwame. Ashe abin da malamai suke gudu shi ne kuɗi, da shagala, da gaba tsakanin masu wasa. Waɗannan kuwa su ne illolin da aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta bayyana a matsayin manufar Shaiɗan a giya da caca: jefa ƙiyayya tsakanin mutane da kange su daga ambaton Allah da salla.

Malaman Shafi'iyya sun fitar da wani ma'auni mai amfani ƙwarai ga zamaninmu. Imam Rafi'i ya kafa shi, Ibn Hajar al-Haitami ya bi shi a Tuhfatul Muhtaj: duk wasan da ginshiƙinsa lissafi ne da tunani ba ya haramta, duk wanda ginshiƙinsa kintace ne da sa'a hukuncinsa na nardi ne. Misalin da aka bayar na kashin farko ma wasa ne na ramuka ko layuka da ake matsar da tsakuwa a ciki da lissafi, wanda Bahaushe zai gane ɗan'uwan dararmu ne.

To, a ɗora Sudoku a kan wannan ma'auni. Babu ƙwayar da ake jefawa. Babu abokin karawa balle a yi musu ko rantsuwa ko zagi. Allon da aka tsara daidai amsarsa ɗaya ce tak, kuma tana nan tun kafin ka fara. Sa'a ba ta ƙara maka, rashin sa'a ba ya rage maka. Wanda ya yi kintace ma shi ne yake ɓata wasansa, domin kuskure ɗaya zai bi shi har ƙarshe. Abin da nake gani, bisa ƙiyasi, tun da magabata ba su riski wannan wasa ba, shi ne yana kan asalin halacci, kuma ya fi shaɗaranji nisa daga abin da Imam Malik ya ƙi.

Wannan hukunci na allon ne shi kaɗai. Da zarar an ce kowa ya ajiye wani abu, wanda ya riga gamawa ya kwashe, an shiga caca, ko da naira hamsin ce, ko da katin waya ne. Haka nan manhajojin da suke cewa ka zuba kuɗin shiga gasa ka ci ninkinsa. Kasancewar wasan na basira ne ba ya wanke kuɗin. Shi kuwa mai zama da takardun cacar lamba yana zana jadawali, yana cewa ya gano lambar da za ta fito gobe, wannan ba lissafi yake yi ba, yaudarar kansa yake yi, kuma abincin iyalinsa ne yake tafiya.

Amfaninsa da iyakar amfaninsa

Bari mu ga yadda ake tunani a cikin wasan. A ce layi ya sami 1, 2, 4, 5, 7 da 9, saura gida uku, saura lamba uku: 3, 6, 8. Ka duba gida na farko, ka ga layin tsayen da ya ratsa shi ya riga ya ɗauki 3 da 8. Babu abin da ya rage masa sai 6. Gida na biyu kuma shingensa yana da 8, don haka 3 ce tasa. Na ukun ya tashi da 8 ba tare da gardama ba. Ɗalibin usulul fiƙhi zai yi murmushi a nan, domin wannan ita ce hanyar da ake kira sabru wat-taƙsim: mujtahidi ya jero duk siffofin da za su iya zama dalilin hukunci, ya riƙa jarraba su yana zubar da waɗanda ba su tsaya ba, har ɗaya ta rage. Yaron da ya saba da cewa ba ya ajiye lamba sai ya iya faɗin hujjarsa ya koyi ɗabi'a mai tsada a zamanin da ake tura labari a WhatsApp kafin a gama karanta shi.

Gwada basira da tambaya kuwa sunna ce. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbansa wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Mutane suka bazama cikin itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunya ta hana shi magana a gaban manya. A kan wannan hadisi Bukhari ya ƙulla babi na malami ya jefa wa ɗalibansa tambaya don ya gwada su. Daga baya malamai suka mayar da abin fanni guda. Ibn Farhun, alƙalin Madina Bamalike wanda ya rasu a 799 bayan Hijira, yana da littafi sukutum na kacici-kacicin fiƙihu mai suna Durratul Gawwas.

Amma kada a zuzuta. 'Yan kasuwa sun sayar da irin waɗannan wasanni da alƙawarin cewa suna ƙara kaifin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, suna hana mantuwar tsufa. A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da Adrian Owen ya jagoranta a Birtaniya, wanda mutum 11,430 suka shiga na tsawon mako shida. An ga sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ba shi da hujja. Saboda haka ɗalibin da yake ce wa mahaifinsa ai shirin jarrabawar lissafi yake yi, a gaya masa cikin raha cewa babu tarawa ko ɗebewa a Sudoku, kuma WAEC ba ta tambayar sa. Idan lissafin yake so, akwai 'yan'uwan wasan irin Kakuro da KenKen da ake tarawa da ninkawa a ciki, kuma littafin makaranta ya fi su duka.

Inda haɗarin yake

Halal ɗin da ba a sa masa linzami ba yakan kai mutum inda bai nufa ba. Wannan wasa yana da wata ɗabi'a: ba ya son a bar shi rabi. Saura gida goma, saura biyar, ladan ya kira salla, zuciya ta ce bari in ƙarasa. Allo mai wuya yakan ci rabin awa ko fiye, da an gama kuma na'ura ta miƙo wani. Masu ƙera manhajojin sun san wannan sarai, shi ya sa suke ƙirga maka kwanakin da ka jera kana wasa, don ka ji asarar tsallake rana. Wanda aka tayar da iƙama yana riƙe da allo, ko ya raba dare a kai har asuba ta kuɓuce masa, wasan ya haramta a gare shi a wannan hali, ko da ya halatta ga na kusa da shi. Hadisin Ibn Abbas da ke Bukhari ya ambaci lafiya da sarari a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa suke tafka asara a cikinsu. Addini bai hana hutu ba. Da Hanzala ya zo yana zargin kansa da munafunci don yana wasa da iyalinsa, an kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa. Amma hutu bayan aiki yake zuwa.

Akwai kuma haƙƙin mutane, wanda a yankinmu ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da aka tura tsaron shinkafa lokacin da jan-baki ya sauka, ya sami inuwa ya sunkuyar da kai a kan gem, kafin ya ɗago tsuntsu ya yi ɓarnar da za a ji ta a rumbu. Mai kiwon da dabbobinsa suka faɗa gonar wani yana can yana neman inda 7 za ta zauna, ya jawo rigimar da kowa a fadamar nan ya san yadda take farawa da yadda take ƙarewa. Wannan cin amana ne, kuma kyawun wasan ba ya rage masa nauyi. Ga kuɗin caji da na data, waɗanda sau da yawa daga aljihun uwa suke fita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin na'ura cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta bayar su ne mutum ya kasa sarrafa lokacin da yake ba wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin cutarwar, yawanci har tsawon wata 12. Mafi yawan masu wasa ba su kai nan ba, kuma bai dace a riƙa kiran kowane yaro mai waya majinyaci ba. Amma wanda aka ga waɗannan a tare da shi, nasiha da taimako yake buƙata, duka ba zai yi magani ba.

A nan zan faɗi wani ra'ayi da wataƙila zai ba wasu iyaye mamaki. Idan har za a bar yaro ya yi wannan wasa, tsohuwar na'urar hannu da ba a haɗa ta da intanet ba ta fi waya aminci nesa ba kusa ba. Manhajar da ake saukewa kyauta a waya da talla take cin abinci, kuma ba kai kake zaɓar tallan ba: yau hoton tsiraici, gobe kamfanin caca yana yi wa yaro tayin kyautar shiga, jibi masu ba da bashin ruwa. Allon tsarkakakke ne, amma ƙofar da aka bi aka same shi a buɗe take ga kowa. Wanda ba shi da sai waya, ya kashe data kafin ya fara. Mafi sauƙi ma, a zana allon a takarda. Fensir da magogi sun wadatar, ba sa neman caji, kuma ƙanne za su iya zagayewa a yi tare.

Ga uban da ya gano ɗansa ko 'yarsa na da wannan baiwa ta zama da matsala har a warware ta, akwai fagen da al'umma take jiran irin su, wato ilimin rabon gado. Rigingimun gonakin fadama da shanu da gidaje da suke cika kotunan shari'a, da yawansu daga rabon da aka jinkirta ko aka yi shi da ka suka taso, kuma masu iya wannan lissafi a ƙauyukanmu ƙidayayyu ne. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma daga sunansa aka samo kalmar da masana kwamfuta suke kiran jeren matakan lissafi da ita, babban kaso na littafin nasa a kan matsalolin wasiyya da gado ya ƙare.

Dubi wannan. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Mata tana da sumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uba da uwa kowanne sudusi. Asalin mas'alar 24 ne: mata 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4. Ka tara, sai ka ga 27, rabo ya fi dukiya yawa. Mafita ita ce abin da malamai ke kira auli: a mayar da asalin 27, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Ana kiran ta Minbariyya, saboda an ruwaito cewa Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan mumbari aka jefo masa ita, ya amsa nan take ya ci gaba da huɗubarsa.

Ga wata ta gwaji ga ɗalibai, a ajiye gem a ɗauki takarda. Mace ta rasu ba ta bar ɗa ko iyaye ba, sai miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Bayan an biya bashi da hidimar jana'iza, abin da ya rage naira 700,000 ne, babu wasiyya. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu. Nawa kowanne zai ɗauka? Wanda ya fitar da amsa ya kai wa limamin unguwarsu ya duba masa, ya kuma nemi a fara masa babin gado na Risala.

Allah ne Mafi sani.